Yadda Na Kai Ƙafar Kawu Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. Duk ranar da na shiga Kankia karɓar kayan aiki, sai 'yan zaman inuwar tela su tare ni: yaya ƙasar Faranshi, da gaske ne burodinsu ya kai tsawon sanda, da gaske ne likitansu ba ya yanka? Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kowa kuma ya tafi da shi ya ƙara nasa gishirin. Ran nan na ji ana cewa a Kunduru wai jirgin sama muka hau. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in samu in sha ruwa. Abin da nake so a fara sani shi ne ba yawon buɗe ido na je ba. Ƙafar kawuna na kai, shi kuma kawun ya biyo ta yana faɗa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Lawal, ni ne malamin ɗakin shan magani na Kusada. Kawu Audu ƙanin mahaifiyata ne, manomin gyaɗa a Kaikai, mutum ne da in ka ce masa gabas sai ya tambaye ka wa ya aike ka. A daminar da ta wuce, wajen maimai, wato noma na biyu, fartanya ta sare shi a ƙwauri. Ya barbaɗa wa wurin ƙasa, ya ɗaure da tsumma, ya ƙarasa kunyarsa. Sai bayan mako guda, da ƙafar ta kumbura, ya hau jaki ya zo wurina.

Dole in faɗi yadda nake aiki a lokacin, don labarin a kansa ya tsaya. Fenisilin da ake aiko mana duk wata ba ya isa, mutanenmu kuwa ba su yarda an yi musu magani ba sai sun ji tsinin allura. Sai na ƙirƙiro tawa dabarar. Allurar da ya kamata a yi wa mutum kwana biyar, sai in yi masa ta kwana biyu, da zarar ya ce ya ji sauƙi in juya ragowar ga na bayansa. Ba wanda ke tashi daga bencina hannu rabbana. Mutane na sa mini albarka har a masallaci, ni ma ina jin kaina wani mai adalci. Haka na yi wa Kawu. Kwana biyu kumburi ya saɓe, ya koma gona. Bayan sati biyu ya dawo, na sake yi masa. A zuwa na uku na ba shi allurar cikakkiya har kwana bakwai, amma kamar ruwan randa nake ɗura masa. Miki ya zama gyambo, yana zubar da mugunya, ƙudaje na rakiyarsa duk inda ya sa gaba.

Likitan da ke kewayo Kankia ya duba shi, ya ce a kai shi babban asibiti da wuri, don in ciwon ya taɓa ƙashi sai dai a yanke ƙafar. Daga cikin duk bayanin nan kalma ɗaya Kawu ya ji. Ya rantse ba mai kai shi inda ake yanka mutane. Ana haka wani falken shanu ya shaida masa wai a hayin iyaka, wajen Maraɗi, akwai likitan da bai taɓa riƙe wuƙa ba, allurarsa ɗaya ce tak. Na ce tatsuniya ce. Innata ta kira ni ɗaki, ta ce ita ba ta san tatsuniya ba, ta dai san ƙaninta ɗaya ya rage mata a duniya, kuma manomi mai ƙafa ɗaya almajirin 'ya'yansa ne. Ta ce in kai shi inda ya yarda. Na nemi hutun sati biyu, aka ba ni da ƙyar.

Mun tashi daga Kaikai da hantsi, shi a kan jaki, ni ina tura keke. Na ce masa kada ya ɗauki komai sai riga biyu da bargo. Ya fito da buhun gyaɗa rabi, da zakara ɗaure a ƙafa, wai na gaisuwar likita, da wani tsohon burgami da ya rataya a wuya ya hana kowa taɓawa. A Kusada muka samu akori-kura zuwa Kankia, daga nan muka hau babbar mota mai zuwa Katsina. Direban ya so ya sa mu a baya tare da buhunan dawa. Da na kwance masa bakin bandejin ya leƙa, sai ya ba mu gaba, amma da sharaɗin ƙafar ta zauna wajen taga. Kawu ya ƙi gaban, ya ce shi ba zai yi tafiyar yini ba tare da abokin hira ba. Muka koma baya cikin jama'a.

Ba mu kai Charanchi ba na ga abin da ke cikin burgamin. Kafso ne, irin wanda ake tallarsa a faranti ranar kasuwa tun da kuɗi suka yawaita a ƙasar nan, ja da baƙi, ja da rawaya, duk a cakuɗe kamar wake da shinkafa. Ashe tun watanni biyu yake saye yana haɗiya ɗaya-ɗaya in ciwon ya motsa, wani lokaci ya buɗe ya zazzaga garin a kan mikin. Wata tsohuwa da ke kusa da shi ta ce kanta na sarawa, ya miƙa mata biyu. Wani mahauci ya ce bayansa, ya ba shi uku. Kafin ka ce kwabo hannuwa sun miƙo ta ko'ina, shi kuwa yana rabo yana murmushi, ka ce goron ɗaurin aure ne.

Na ce, “Kawu, don Allah ka bari. Wannan ba alewa ba ce.”

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Lawal, kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai za shi mutu. Kai da ka iya raba allura guda gida ukku, ni za ka hana raba nawa?”

Motar ta ɗauki dariya. Mahaucin ya ce ai gara malam ya yi shiru, tun da abin a jinin gidan yake. Raina ya ɓaci ƙwarai, don a ganina abin da nake yi aikin ilimi ne, nasa kuwa shirme.

A Katsina na gwada wayo. Na ce wa mai tasi ya bi da mu ta ƙofar asibiti, da nufin in ce mun tsaya canja bandeji ne kawai. Kawu bai iya karatu ba, amma ya san farin gini da mutane zazzaune a gindin bishiya. Ya riƙe ƙofar motar da hannu biyu ya ce in na isa in ciro shi. Mai tasin ya ce shi fa ba a ɗauke shi satar mutum ba. Sai da na yi alkawari a gaban baƙon mutum cewa ba zan sake ba, sannan ya saki ƙofar. Muka kwana a gidan wani abokin karatuna, da safe muka hau motar Jibia.

Iyaka ba wani abu ba ne, sanda ce aka gitta a kan hanya da rumfa a gefe. A ɓangarenmu an duba takardar harajinmu aka ce mu wuce. A Ɗan Isa, ɓangarensu, muka tarar da ma'aikacin kwastan ɗinsu, su duwan suke cewa. Dogo ne mai gajeren wando, ga tsagen Gobirawa a fuskarsa raɗau, amma sai da ya yi mana tambaya uku da Faransanci kafin ya tuna yana jin Hausa. Ya nemi katin allurar lamba. Ni ina da nawa. Kawu ya naɗe hannun riga ya nuna tabon da ke damtsensa, ya ce ga kati nan wanda ba ya jiƙewa. Mutumin ya so ya yi gardama, sai iska ta kaɗo masa warin ƙafar, ya buga hatimi da sauri.

Da ya zo kan burgamin sai ya tsaya. Ya ce doka ta hana shiga da magani barkatai, ya zazzage shi duka a cikin wani kwali. Ana cikin haka tari ya sarƙe shi. Kawu, maimakon ya roƙa a mayar masa da kayansa, sai ya ce, “Ɗan nan, tarin ga naka ya daɗe. Ka ɗebi biyu cikin ja da baƙin nan, da ruwan ɗumi.” Ma'aikacin ya ture kwalin gefe. Ni dai a zuciyata na sa masa albarka, don ya yi mini aikin da na kasa.

Murnata ba ta daɗe ba. Muna shirin wucewa rana ta take, sai kawai suka rufe rumfar suka tafi, ba a ɗaga wa motarmu sanda ba. Na tambayi wani mai shayi ko an yi rasuwa ne, ya ce a'a, haka aikin gwamnati yake a ƙasarsu, da tsakar rana kowa ya je ya kwanta sai wajen la'asar. Babba da shi, da albashinsa, a ce ya je ya yi barcin rana da izinin hukuma! Muka zauna gindin wata bedi muna korar ƙuda. A nan zakaran ya kwance igiyarsa ya bi wata kaza ya koma Najeriya, ba kati ba hatimi. Kawu ya ce in bi shi. Na ce ko shi ne zakaran ƙarshe a duniya ba zan bi shi ba. Bai sake yi mini magana ba har Maraɗi.

Mun sauka a gidan wani mai fataucin fata, Alhaji Mamman, wanda abokina na Katsina ya haɗa mu da shi. Mutumin kirki ne, ya ba mu zaure mai tsabta da tabarmi biyu, sai dai yana da ciwo ɗaya. Kullum bayan sallar magariba sai ya tuna mana cewa su ne Katsinawan asali, kakanninsu ne suka fito da sarauta da takobi, mu kuwa waɗanda aka bari gadin kango ne. Kawu ya samu abin da yake so. Su kwashe sa'a guda suna musu a kan kakannin da ba wanda ya taɓa gani cikinsu, ni ina gefe ina tafasa ruwan wanke gyambo.

Ga masu tambayar burodi, gaskiya ne. Dogo ne siriri, bayansa da tauri, suna saƙale shi a hammata ba ko takarda. Kawu ya gatsa sau ɗaya ya ce haƙoransa shida ne suka rage, ba zai ba da su sadaka ba. Wata rana mai gidan ya so ya karrama mu, aka kawo ganye ɗanye da tumatir da albasa an zuba mai da ruwan tsami. Kawu ya tambaya a hankali ko itacen girki ne ya ƙare. Amma furarsu, in faɗi gaskiya ko da 'yan Kankia za su ji haushi, ta fi tamu, gero ne zalla ba a yi masa ha'inci ba. Kuma suna da gaisuwar hannu. Mutum ya shigo wuri sai ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya, in ya fita ya dawo ya sake bi.

Asibitin yana bayan gari. Abu na farko da muka gani a bakin ƙofa shi ne wani mutum zaune da sanduna biyu, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe an soke da fil. Kawu ya tsaya cak. Ya tambaye shi a ina aka yi masa wannan aiki, mutumin ya nuna ginin da muke shirin shiga. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Kawu ba sai ran nan, kuma duk haushinsa da nake ji sai ya bi iska. Ya ce mu koma gida. Na ce masa motar Jibia ta riga ta tashi. Ƙarya na yi, Allah Ya yafe mini.

Likitan ya duba ƙafar ya daɗe, ya danna nan ya danna can. Ta bakin tafinta ya ce ciwon bai shiga ƙashi ba tukuna, amma saura ƙiris. Ya ɗebi mugunyar da ɗan tsinke mai auduga ya sa a kwalba, ya ce a kwantar da shi a riƙa wankewa, sai bayan kwana uku za a san maganin da za a ba shi. Kawu ya ce a tambaye shi ina allurar. Aka ce babu allura yau. Nan fa ya tashi da faɗa, wai ya bar gyaɗarsa a gona, ya rasa zakaransa, ya ƙetare ƙasa, don a shafa masa auduga. Kwana ukun nan sai da na ɓoye takalmansa da sandarsa a wurin mai gadi. 'Yan ɗakin kuwa suka so shi, don gyaɗar da ya kawo wa likita su ya rabar wa.

A rana ta uku mai aikin ɗakin gwaji ya aiko a kira ni. Sunansa Isufu, suna ce masa Mushe Isufu, wato malam a bakinsu. Ɗan gajere ne mai tabarau, ba ya gaggawar magana. Da ya ji ni ma ma'aikacin lafiya ne sai ya ce in zo in gani da idona. Ya ɗauko wani ɗan faranti na gilashi mai murfi, a cikinsa akwai abu kamar kamu da ya daskare. Ya ce a kan wannan ya shafa mugunyar Kawu ya ajiye a wuri mai ɗumi, ƙwayoyin cutar suka tsiro suka rufe shi. Ya jera wasu 'yan takardu ƙanana a kai, kowace an jiƙa ta da magani iri ɗaya. Ya nuna mini wata a gefe, kewayenta fes, ba abin da ya tsiro kusa da ita. Sannan ya nuna wata, ƙwayoyin sun mamaye ta har sun hau kanta.

Ya ce, “Wagga ita ce fenisilin ɗinku.”

Na ce ko maganin ne ya lalace. Ya ce maganin lafiyarsa lau, ƙwayar ce ke da makami. Ya tambaye ni ko na san yadda mata ke naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda ya yi laushi. Na ce na sani. Ya ce to akwai wani sinadari a ganyen da ke tsinka naman, irinsa ne wasu ƙwayoyin cuta ke fitarwa daga jikinsu, sai dai nasu fenisilin yake tsinkawa. Kafin maganin ya taɓa su sun riga sun warware shi, ya zama ruwa kawai. Ya rubuta mini sunan abin a takarda, fenisilinas, har yanzu tana aljihun rigar aikina. Ya ƙara da cewa akwai kuma waɗanda ba su da wannan makami, su lafewa suke yi kamar gaiwa a cikin laka, ba ci ba motsi, maganin ya zo ya wuce bai same su a farke ba, in ya ƙare su tashi. Shi ya sa ake cewa a cika kwanakin magani ko an ji sauƙi.

Na tambaye shi daga ina masu makamin suka fito. Ya ce tun farko akwai su, 'yan kaɗan a cikin taro. In aka ba da magani ya isa, jiki da kansa yakan ƙarasa ragowar. In kuwa aka ba da rabi aka tsaya, aka sake ba da rabi aka tsaya, to an kashe raunana ne an share wa masu makami gona, su hayayyafa su gaje wurin. Na buɗe baki zan ba shi labarin burgami, ina jin daɗin na samu mai laifi, sai ya riga ni.

“Wa ya yi mashi allurar farko? Kwana nawa?”

Na ce, “Ni ne. Kwana biyu.”

“Ta biyu fa?”

“Ita ma kwana biyu.”

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya mayar da murfin farantin ya ce su ma a ƙauyukansu haka ake yi, don magani ba ya isa, kuma kafson kasuwa ya ƙara dagula abin. Ni dai na san wa ya fara. Laifi tudu ne, na taka nawa tun daga Kankia ina hangen na Kawu. Na fito na zauna a kan dakali, na shiga tuna fuskokin mutanen da na yi wa rabin allura cikin shekara tara suna sa mini albarka. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Takardar nan mai fes a kewaye ita ce ta wani sabon magani da aka ƙera yadda sinadarin ƙwayar ba ya iya tsinka shi. Suna da shi kaɗan. Aka yi wa Kawu allurarsa kwana biyar, aka kankare ruɓaɓɓen naman, warin ya ɗauke, mikin ya fara ja. Likitan ya so ya riƙe shi, Kawu ya ce ko da rarrafe sai ya je cirar gyaɗa. Da aka ga ba dama, sai aka ba ni gwangwanin kafso na sati biyu cif, sau huɗu a yini. Mushe Isufu ya raka ni har ƙofa ya riƙe hannuna ya ce kada ƙwaya ɗaya ta bi wani wuri. Ya ce in ciwon ya tsallake wannan, ba su da wani a bayansa sai zarto.

Dawowa ba ta da labari, sai dai mun sake cin karo da barcin ranar mutanen Ɗan Isa. Na tare a zauren Kawu a Kaikai, ina zuwa aiki Kusada a keke ina dawowa. Na ɗaura maganin a kan salloli don kada a manta, gwangwanin kuwa a aljihuna yake, ko alwala zan yi ba na ajiye shi. Kawu ya yi ta mita wai na mai da shi yaron goye, amma yana haɗiya.

A rana ta shida da la'asar Jauro Bello ya zo. Bafulatani ne, amininsa tun suna samari. Shekara talatin ke nan duk rani a gonar Kawu yake sauke shanunsa su zuba taki, Kawu ya ba shi kara da dawa, shi kuma nono ba ya yankewa a gidan. Ya shigo da ƙwaryar kindirmo a hannun hagu, na daman a naɗe cikin gefen riga. Sai da aka gama gaisuwa Kawu ya matsa masa ya buɗe. Ƙaya ce ta soke shi a tafi, hannun ya kumbura har wuyansa. Bai roƙi komai ba, Jauro ba ya roƙo.

Kawu ya juyo ya ce, “Lawal, ɗauko gwangwanin nan. Raba shi biyu ka ba Jauro rabi. Ni na ji sauƙi.”

Na ce masa ba zai yiwu ba. Na fara bayanin faranti da ganyen gwanda, ina jin kaina ina magana kamar mai kare ƙarya. Na ce rabi ba zai warkar da Jauro ba, rabi ba zai warkar da shi ba, duka biyun za a yi asara.

Ya ce, “Ban tambaye ka karatu ba. Maganin nawa ne ko naka?”

“Naka ne, Kawu.”

“To ba shi.”

“Ba zan ba shi ba.”

Tun da aka haife ni ban taɓa ce wa Kawu a'a a gaban baƙo ba. Jauro ya sunkuyar da kai, ya mayar da hannunsa cikin riga, ya ce shi gaisuwa kawai ya zo, ba komai, Allah Ya ƙara sauƙi. Ya tashi ya bar ƙwaryar a nan. Na bi shi har bakin danga, na ce ya zo Kusada gobe da sassafe in tsaga hannun in yi masa allura cikakkiya, in ta ƙi ni da kaina zan kai shi Kankia. Ya ce to, Malam, madalla. Na jira shi kwana biyu bai zo ba. Na hau keke na je rugarsu, aka ce ya fita da shanu. Daga baya na ji wanzami ne ya tsaga masa. Hannun ya warke, amma yatsu biyu sun ƙage ba sa lanƙwasuwa.

Kawu ya shanye maganinsa har ƙwayar ƙarshe. Yakan miƙo hannu ya karɓa ya haɗiye ba tare da ya dube ni ba. Ranar da gwangwanin ya ƙare na naɗe tabarmata na koma Kusada, bai ce in gaida gida ba. A wurin aiki ma na canja. Yanzu wanda na fara wa allura sai na cika masa kwanakinsa, in kason wata ya ƙare in rubuta wa sauran takarda su tafi Kankia. Rabin benci na tashi ba a yi musu komai ba. Albarkar da ake sa mini a masallaci ta tsaya, na kuma ji sabon sunan da aka raɗa mini, ba sai na rubuta shi a nan ba. Wani lokaci in na ga tsohuwa ta juya da takarda a hannu, tana lissafin tafiyar da ke gabanta, ni kaina ban san ko daidai nake yi ba.

Da rani ya shiga, Jauro ya sauke shanunsa a wata gona a Boko.

Makon jiya ina cikin wanke sirinji aka ce ana sallama da ni. Na fito na tarar da Kawu a tsaye a rana, ba jaki ba sanda, ƙafafunsa sun yi furu-furu, alamar daga Kaikai a ƙasa ya tako. Na yi masa tayin shiga ya ƙi. Ya ɗage ƙafar wandonsa ya nuna mini tabon, ya rufe sumul, ya bushe.

Ya ce, “Ga ƙahwarka nan, na kawo maka ka gani. Jauro kau ya bar zuwa gidana.”

Ya saki wandon ya juya. Na tsaya a bakin ƙofa da sirinji a hannu ina kallonsa har ya sha kwanar masallaci. Ko ɗingishi ba ya yi.